Shekara 38 Ana Ja-in-ja a Kan Barbara Guda: Lamarin Karnukan Dalmeshiyan da Tsakuwar Mafitsara

Dalmeshiyan kare ne da ba ya ɓoyuwa: fari fat, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa a duk jikinsa, ga tsayin ƙafa, ga juriyar gudu. Daga yankin Dalmashiya na ƙasar Kuroshiya sunansa ya fito, amma a Ingila aka fi raya shi, inda yake bin keken doki a guje yana gadin dawaki. Daga baya 'yan kwana-kwana a Amurka suka ɗauke shi yana share wa dawakinsu hanya. Abin da ido ba ya gani shi ne, har zuwa 'yan shekarun nan, duk wani Dalmeshiyan mai takardar asali yana ɗauke da tawaya guda a jikinsa. Ba mafi yawansu ba, dukkansu. Tawayar kan sa tsakuwa ta taru a mafitsara, ta toshe hanyar fitsari, kuma idan ba a yi gaggawa ba tana kisa.

Tun 1973 aka samo hanyar gyara wannan tawaya. Babbar hukumar rajistar karnuka ta Amurka, wato American Kennel Club da aka fi sani da AKC, ba ta buɗe wa gyaran ƙofa sosai ba sai a 2011. A tsakanin shekarun nan biyu ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Mutanen da suka fi kowa son wannan kare ne suka kasa jituwa a kan tambaya ɗaya: me ake nufi da Dalmeshiyan na asali?

Inda matsalar take

A cikin abinci, musamman nama da kayan ciki, akwai wasu sinadarai da ake kira fiyurin, kuma jiki da kansa yana samar da su yayin da tsofaffin ƙwayoyinsa ke mutuwa. Idan jiki ya sarrafa su sai su koma yurik asid. Hantar kare tana ɗaukar yurik asid ɗin ta mayar da shi alantoyin, wanda ke narkewa cikin ruwa ba wahala, ya fita a fitsari. Haka abin yake a kusan duk dabbobi masu shayarwa. Mutum da manyan birai ne suka fita daban, domin su ba su da sinadarin da ke yin wannan juyi, shi ya sa mutane ke fama da ciwon gaɓɓai da ake kira gawut.

A 1916 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Stanley Benedict, ya lura cewa fitsarin Dalmeshiyan ya fi kama da na mutum a kan na sauran karnuka. Kare na yau da kullum kan fitar da miligiram 10 zuwa 60 na yurik asid a rana, Dalmeshiyan kuwa 400 zuwa 600. A 1938 wasu masana biyu, Trimble da Keeler, suka nuna cewa gado ne, kuma irin gadon da ba ya bayyana sai ɗan kwikwiyo ya karɓo shi daga uwa da uba duka. Sai kuma a farkon shekarun 1970 aka yi gwajin dashen hanta tsakanin Dalmeshiyan da wasu karnuka: wanda aka sa wa hantar Dalmeshiyan sai yurik asid ɗinsa ya hau, Dalmeshiyan ɗin da ya samu hantar wani kare kuma nasa ya sauka. Abin mamakin shi ne hantar Dalmeshiyan tana da sinadarin juyin, lafiyarsa ƙalau. Hanyar da yurik asid zai bi ya shiga cikin ƙwayoyin hantar ce a toshe. Ƙoda ma tana da nata kason, domin ba ta mayar da shi cikin jini yadda ya kamata, sai ya kwarara duka zuwa mafitsara.

A can ne yake daskarewa. Da farko kamar rairayi, daga baya ƙananan tsakuwoyi masu santsi, launinsu tsakanin rawaya da kore. Karya kan fitar da su ba tare da an sani ba, saboda hanyar fitsarinta gajera ce mai faɗi. Namiji ne ke shan wuya. Hanyarsa doguwa ce, kuma tana ratsa wani ƙashi da ke cikin gabansa, inda ba ta iya buɗewa ko kaɗan. Tsakuwar da ba ta kai girman ƙwayar magani ba sai ta zo nan ta cije.

Wanda ya taɓa ganin karen da hanyarsa ta toshe ba ya mantawa. Kare ya ɗaga ƙafa, ya yi ta yunƙuri, ɗigo biyu ko uku su fito, wani lokaci da jini. Ya matsa gaba kaɗan ya sake ɗagawa. Ya koma ya tsuguna kamar mace, bayansa a gantsare, yana waiwayen cikinsa. Mai shi sau da yawa yakan ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, ya ce bari a gani zuwa gobe. Kafin goben kare ya daina cin abinci, ya fara amai, mararsa ta yi tauri, ko taɓawa ba ya so a yi. Fitsarin da ya rasa hanya yana komawa ya danne ƙoda, sinadarin fotashiyam ya taru a jini har ya rikita bugun zuciya, mafitsara ma tana iya fashewa. Kwana biyu zuwa uku sun isa a rasa shi.

A asibitin dabbobi za a sa masa barci, a zura robar fitsari, a tura ruwa da ƙarfi don a mayar da tsakuwar cikin mafitsara, sannan a yi tiyata a kwashe. Wata wahalar kuma, irin wannan tsakuwa ba ta cika fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum ba, sai an yi sikanin ko an zuba ruwan da ke haska ta. Idan toshewar ta yi ta dawowa, likita kan buɗe wa karen sabuwar kafar fitsari ta dindindin a bayan ƙashin nan. Wani binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, aka wallafa a 2004, ya samu cewa kashi 34 cikin ɗari na mazan Dalmeshiyan da aka bi diddiginsu sun yi fama da tsakuwar har ta kai su ga likita. Kusan ɗaya cikin uku ke nan.

Ba za a ce masu kiwon wannan kare sun naɗe hannu ba. Ƙungiyarsu ta Amurka, Dalmatian Club of America, wadda aka kafa tun 1905, tana da kwamiti na musamman a kan tsakuwar fitsari, tana da gidauniya mai ɗaukar nauyin bincike, kuma ta yi ƙoƙari matuƙa wajen wayar da kan masu saye. Mai kiwo na ƙwarai ba ya miƙa maka ɗan kwikwiyo sai ya zaunar da kai ya karanta maka dokoki: kada ka ba shi hanta ko ƙoda ko kifin gwangwani, ƙwai da kayan madara ba laifi, ka riƙa zuba ruwa a cikin busasshen abincinsa har ya yi iyo, kada ka bar shi ya riƙe fitsari tsawon yini, ka tsaya ka ga fitsarin ya fita da idonka kowace safiya. Idan aka ciro tsakuwa, a aika da ita cibiyar nazarin tsakuwa ta Jami'ar Minesota a tabbatar da irinta. Ga kuma maganin alofurinol mai rage yurik asid, wanda shi ma idan aka ba da shi ba tare da gyara abinci ba yakan haifar da wata tsakuwar daban. Wannan ilimi ya ceci karnuka da yawa, kuma daga bakin mai kiwo zuwa kunnen mai saye ya yaɗu, a waya da tsakar dare, a gefen filin gasa, a mujallar ƙungiya. Sai dai duk lallaɓa ciwo ne. Ba a taɓa tushensa ba.

Dalilin da ya sa ba a taɓa tushen ba shi ne zuciyar lamarin gaba ɗaya. A wasu cututtukan gado, mai kiwo kan zaɓi karnukan da ba su ɗauke da cutar ya haɗa su, a hankali ta ragu. A nan babu wanda za a zaɓa. Lafiyayyar ƙwayar gadon, wato abin da kwikwiyo ke gada daga iyaye wanda ke sa hanta ta yi wannan aiki daidai, ta ɓace ɗungurungum daga cikin irin, wataƙila tun lokacin da magabata ke tace karnuka don samun kyawun ɗigo. Littafin rajista kuma a rufe yake: ba a rubuta kare a matsayin Dalmeshiyan sai uwarsa da ubansa suna ciki. Abin da ya ɓace daga ciki, ba ta inda zai dawo sai daga waje, wajen kuma an sa masa kwaɗo.

Abin da Schaible ya yi

Dakta Robert Schaible masanin ilimin gado ne a Jami'ar Indiyana, kuma shi kansa mai kiwon Dalmeshiyan ne. A 1973 ya haɗa karyarsa Dalmeshiyan da wani namijin Foyinta, zakaran gasa. Bai zaɓi Foyinta da ka ba: karen farauta ne da ya yi kusa da Dalmeshiyan a ƙira da tsayi da gajeren gashi, har ana kyautata zaton suna da dangantaka ta can baya. Sau ɗaya tak aka yi wannan barbara. Daga nan sai ya ɗauki 'ya'yan ya mayar da su kan Dalmeshiyan tsantsa. A kowace haihuwa yakan gwada fitsarin kwiyakwiyan, ya ware masu ƙarancin yurik asid, waɗanda a lissafi rabin 'ya'yan ne, cikinsu ya zaɓi wanda ya fi kama da Dalmeshiyan, ya sake mayarwa.

Lissafin a fili yake. 'Ya'yan farko rabi da rabi ne. Na biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne na Foyinta, na uku ɗaya cikin takwas, na huɗu ɗaya cikin 16, na biyar ɗaya cikin 32. Jinin Foyinta na ta tsiyayewa, ƙwayar gado ɗaya da ake nema kuma tana nan riƙe, saboda ita ake bi da gwaji.

A 1981, da karnuka suka kai zuriya ta biyar, Schaible ya nemi rajista. Shugabannin ƙungiyar Dalmeshiyan ba su ƙi ba, AKC kuma ta rubuta biyu daga cikinsu, mace da namiji, Stocklore Stipples da Stocklore Skipper. Da labari ya isa kunnen sauran 'yan ƙungiya sai gari ya ɗauka. Suka ce an shigo musu da ruwa-biyu ta bayan gida ba tare da an tambaye su ba. Matsin ya yi yawa har AKC ta ja da baya: karnukan biyu suna nan a littafi, amma ba za a rubuta 'ya'yansu ba. Daga 1984 ƙungiyar ta rufe babin, aka shafe sama da shekara ashirin ba a tattauna maganar a hukumance ba.

A nan ya kamata a yi wa masu adawar adalci, domin ba mugaye ba ne, kuma ba duk abin da suka faɗa ne shirme ba. Sun ce yawan yurik asid daban, tsakuwa daban: duk karnukanmu suna da na farkon, amma mafi yawansu har su mutu ba su toshe ba, ke nan akwai wasu dalilan da ba a gano ba tukuna. Wannan gaskiya ne. Sun ce karnukan Schaible kaɗan ne, ba a bi su tsawon rayuwa an tabbatar ba sa yin tsakuwa ba. A 1981 wannan ma tambaya ce mai kyau. Sun ce Foyinta na da nasa cututtukan, wa ya san abin da ya biyo ƙwayar gadon? Sannan suka kawo maganar da ta fi ci musu rai, wato ɗigo. Ƙa'idar gasa ta fayyace girman ɗigon da siffarsa: zagayayye, mai kaifin gefe, a rarrabe. 'Yan adawa suka ce na sababbin karnukan ƙanana ne, gefensu a dushe, farin gashi na ratsa su.

Wanda bai san duniyar gasar karnuka ba zai ce ɗigo kuma har ya kai a sayar da lafiyar dabba a kansa? Amma mutumin da ya shafe shekara talatin yana tace gidansa, ya san kakannin kowane karensa har hawa goma, yana tuƙi dare da rana zuwa gasa, takardar asali a wurinsa amana ce da ya karɓa daga waɗanda suka riga shi. Na fahimci wannan, kuma ina girmama shi. Inda na rabu da su shi ne abin da suka yi da tambayoyinsu. Mai cewa hujja ba ta isa ba, abin da ya kamace shi shi ne ya nemi a ƙaro hujja: a haifi karnukan da yawa, a bi lafiyarsu, a kawo su fili alƙalai su gani. Su kuwa sai suka hana rajista, wanda ya sa kusan babu mai kiwon da zai taɓa karnukan, sannan suka hana magana. Tambayar da aka yi don a samu amsa daban take da wadda aka yi don a rufe baki. Irin kansa ma ba daga sama ya faɗo ba. AKC a 1884 aka kafa ta, takwararta ta Birtaniya a 1873, kuma kafin a buɗe waɗannan littattafai mutane sun yi ta cuɗa karnuka iri-iri har suka samu abin da ake kira tsantsa a yau.

Waɗanda suka ga ɗaya fuskar

Ana cikin wannan shiru sai wata guguwa ta taso daga inda ba a zata ba. Kamfanin Disney ya sake fito da tsohon fim ɗinsa na zane a kan waɗannan karnuka a 1985 da 1991, sannan ya yi sabo da karnuka na gaske a 1996. Yara suka ce su dai sai Dalmeshiyan. Masanin halayyar ɗan Adam Harold Herzog, wanda ya bi alƙaluman AKC, ya nuna cewa rajistar shekara ta tashi daga 8,170 a 1985 zuwa 42,816 a 1993, daga nan ta rikito da kusan kashi 97 cikin ɗari a shekara goma. Mafi yawan wannan tulin ba daga hannun 'yan ƙungiya ya fito ba. 'Yan neman kuɗi ne suka yi ta haɗa duk karen da ke da ɗigo, suna sayarwa ba gwaji, ba bayani, ba lambar da za a kira idan an shiga uku.

Masu ceto ne suka kwashi sakamakon. Ɗan kwikwiyon da aka saya don yaro ya girma ya zama kare mai ƙarfi da ke buƙatar gudu kullum, yana zubar da gashi ba hutu, wani kuma kurma ne. Binciken George Strain na Jami'ar Jihar Luwiziyana ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na Dalmeshiyan a Amurka ba sa ji da kunne biyu, wajen kashi 22 kuma da kunne ɗaya suke ji. Gidajen ajiye dabbobi suka cika. A cikin waɗanda ake kawowa akwai mazan da suka toshe, masu su suka ji kuɗin tiyata suka sa hannu suka tafi. 'Yan sa-kai ne ke bin gidajen nan suna fito da su, su yi karo-karo a biya likita, wani ya ajiye kare a gidansa har ya warke, wani ya tuƙa shi zuwa wata jiha. Bayan an gama kuma sai a nemo wanda zai yarda ya ɗauki karen da ke buƙatar abinci na musamman da gwajin fitsari har ƙarshen ransa. Irin wannan kare yakan daɗe bai samu gida ba.

Tsakanin masu ceto da masu kiwo akwai tsohuwar tsama. Ƙungiyar masu kiwon ta yi shekaru tana ba da shawarar a kashe ɗan kwikwiyon da aka haifa kurma ta kunne biyu, masu ceto kuwa suna koya wa irinsu umarni da alamar hannu suna sama musu gidaje. Duk da haka ba ɓangarori biyu ne masu katanga a tsakani ba. Da yawa cikin masu ceton 'yan ƙungiyar ne, kuma mai kiwo na gari yakan rubuta a yarjejeniyar sayarwa cewa duk ranar da ka gaji da karen, ko shekararsa nawa, ka dawo masa da shi. Amfanin masu ceto a wannan lamari shi ne sun ga abin da ba a gani a filin gasa. Shawarar a zuba ruwa a abinci, a kula da fitsari kowace safiya, tana aiki ne a gidan da aka sani aka kuma damu. Kare ba shi ke zaɓar gidan da zai faɗa ba. Lafiyar da aka haife shi da ita ce kaɗai ke bin sa duk inda ya je.

Zuriyar Schaible kuwa saura ƙiris ta ƙare. 'Yan tsirarun masu kiwo ne suka riƙe ta, suna haihuwar karnukan da suka san AKC ba za ta rubuta ba, ba za a saye su da daraja ba, abokansu kuma na yi musu kallon masu ɓata iri. Abin da ya taimake su shi ne wata hukumar rajistar daban, United Kennel Club, ta karɓi karnukan, don haka tarihin haihuwarsu bai yanke ba, suka kuma samu filin da za su shiga gasa. Sun ci gaba da mayar da su kan kyawawan Dalmeshiyan masu rajistar AKC, suna gyara ƙira da ɗigo hawa bayan hawa. Ba don taurin kan waɗannan mutane ba, da babu abin da za a dawo a yi muhawara a kai.

Yadda ƙofa ta buɗe

A 2006 ƙungiyar ta sake buɗe maganar. Sai kuma ilimi ya iso. Ayarin Dakta Danika Bannasch a Davis ya gano cewa matsalar tana kan sandar gado ta uku cikin 39 da kare ke da su, wato sandunan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu, sannan a 2008 suka wallafa sunan ƙwayar gadon kanta, SLC2A9, wadda aikinta shi ne shigar da yurik asid cikin ƙwayoyin hanta da na ƙoda. Da karnukan nan da aka ƙi ne aka yi binciken, kuma da wuya a yi shi ba su: tunda duk sauran Dalmeshiyan iri ɗaya suke ta wannan fuska, babu abin da za a kwatanta da wani sai a gidan da ake haifar masu tawayar da marasa ita a ciki ɗaya. Amfanin bai tsaya kan Dalmeshiyan ba, domin an samu tawayar a wasu irin, kamar Buldog da baƙin Teriya na Rasha. Daga nan gwaji ya zama abu mai sauƙi: a goga auduga a cikin kumatun kare a aika ɗakin bincike.

A Birtaniya iska ta riga ta juya. A watan Agustan 2008 BBC ta nuna wani shirin bincike a kan cututtukan da kiwon 'yan uwa da bin siffa suka jawo wa karnukan asali. Jama'a suka fusata, BBC ta daina nuna gasar Crufts, wadda ita ce mafi shahara a ƙasar, a Janairun 2010 kuma Farfesa Patrick Bateson ya fitar da rahoton bincikensa a kan kiwon karnuka. A wannan yanayi ne hukumar rajista ta Birtaniya ta karɓi wata karya daga zuriyar Schaible da aka kawo daga Amurka, Fiacre's First and Foremost, wadda ake kira Fiona, duk da ƙin amincewar ƙungiyoyin Dalmeshiyan na ƙasar. An gindaya sharuɗɗa: za a sa alamar tauraro a takardun zuriyarta har hawa uku, za a gwada lafiyar 'ya'yan, ba kuma za a ba su takardar fita waje ba har shekara biyar. Tsakaninta da Foyintan nan akwai aƙalla hawa 13. A lissafi kasonsa a jikinta bai wuce ɗaya cikin 8,192 ba, sai ɗan guntun da ke maƙale da ƙwayar gadon da aka riƙe da gangan.

A watan Maris na 2011 Fiona ta shiga fili a Crufts, a Birmingham. A ganina wannan ya yi aikin da takardun masana ba su yi ba. Mutanen da aka shekara talatin ana gaya musu cewa karnukan nan ruwa-biyu ne suka tsaya a bakin fili suka ga Dalmeshiyan tana zagayawa a cikin 'yan uwanta. Masu nuna karnuka da ido suke hukunci, kuma da ido aka ba su amsa.

A Amurka kwamitin masana da AKC ta nemi shawararsa a kan lafiya ya ba da ƙarfi ga a karɓi karnukan bisa tsari, yana mai cewa hakan zai ba masu kiwo hanyar rage cutar da ilimi ya tabbatar, ba tare da an tilasta wa kowa ba. A watan Yunin 2011 'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a: 305 suka amince, 253 suka ƙi. A watan Yuli AKC ta amince da rajistar. Ratar ƙuri'a 52 ce kawai, bayan an gano ƙwayar gadon, bayan gwaji ya samu, bayan Birtaniya ta riga ta karɓa.

Rajista ba ta kawar da cutar ba, ta dai halatta maganinta. Har yanzu mafi yawan Dalmeshiyan na duniya suna ɗauke da tawayar ta ɓangaren uwa da uba, kuma duk dokokin ruwa da abinci suna nan a kansu. Lafiyayyar ƙwayar gadon tana rinjayar mai tawayar, don haka kwafi ɗaya ya isa ya kare kare. Wanda ke da kwafi ɗaya, idan aka haɗa shi da Dalmeshiyan na gama-gari, kusan rabin 'ya'yan ne za su tsira. Mai kwafi biyu kuwa duk 'ya'yansa. Wannan na nufin sunan gidan da kwikwiyo ya fito bai isa shaida ba. 'Yan ɗaki ɗaya ma sukan bambanta, sai an ga sakamakon gwajin shi wannan ɗin da za a ɗauka. Gyaran kuma bai shafi kurumta ba, wadda ke da nata gwajin na ji da ake yi wa kwiyakwiyai tun suna 'yan makonni biyar zuwa shida, bai kuma hana wasu nau'o'in tsakuwa da kowane kare ke iya yi ba.

Akwai kuma haɗarin da masu kiwo masu hankali ke ta jan kunne a kai. Duk lafiyayyar ƙwayar gadon da ke yawo a wannan zuriya daga kare ɗaya ta fito, ta kuma ratso ta hannun 'yan tsirarun karnuka a shekarun da aka yi watsi da ita. Idan kowa ya ruga kan maza biyu ko uku da suka yi suna, ko aka yi gaggawar haɗa dangi na kusa don a samu masu kwafi biyu, za a ƙuntata irin a wani wurin, wata cutar da ke ɓoye ta fito. Shi ya sa masu lura suke ɗaukar mai kwafi ɗaya su kai shi gidajen da ba su da dangantaka da shi, a ƙasashe daban-daban, su gwada kwiyakwiyan, su riƙe waɗanda suka gaji lafiyar kuma suka cika sauran sharuɗɗa na ji da hali da ƙira. Sauran 'yan ɗakin da ba su gaje ta ba ana ba da su ga gidajen da aka yi wa cikakken bayani, da takardar gwajin a hannu, da sharaɗin cewa idan namiji ne ya fara yunƙurin fitsari ba ya fita, a nufi asibiti a daren, kada a jira safiya.